Inda Ya Dace Ɗalibin Injiniya Ya Yi IT Kan Batirin Gida a Abuja: Kwatanci Tsakanin Wurare Huɗu

Ɗalibin da ke karatun injiniyan lantarki a jami'a, idan ya kai aji huɗu, yana da wata shida da zai yi a wajen makaranta ƙarƙashin shirin koyon aiki na SIWES, wanda aka fi sani da IT, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF mai hedikwata a Jos ta ƙirƙiro a 1973. A da, yawancin ɗalibai kamfanin rarraba wuta ko na sadarwa suke hari. Amma tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ɗaga kuɗin wutar rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane kWh a watan Afrilun 2024, gidaje da shaguna da dama a Abuja suka juya ga sola da batir, ɗalibai kuma suka fara neman gurbin koyon aiki a wannan fanni. Matsalar ita ce wurare iri-iri ne ke kiran kansu masu harkar batir, alhali abin da ake koya a cikinsu ya sha bamban ƙwarai.

Akwai gaskiyar da ya kamata ɗalibi ya sani kafin ya kai takardarsa ko'ina. Ƙwayoyin litiyam da ke cikin batiran da ake sayarwa a Abuja kusan dukkansu shigo da su ake yi daga ƙasar Sin, daga kamfanoni irin su CATL da EVE da BYD. Masana'antar litiyam da aka buɗe a jihar Nasarawa a 2024 ma'adinin take tacewa, ba ƙwayar batir take ƙerawa ba. Saboda haka aikin injiniyan da ya rage mana a gida shi ne abin da ke kewaye da ƙwayar: jera ta, haɗa ta, allon da ke kula da ita wanda ake kira BMS, inbata, akwati, gwaji, da girkawa. Duk wanda ya ce zai koya wa ɗalibi ƙera batir, to ɗaya daga cikin waɗannan yake nufi, kuma wajibi ne a tambaye shi wanne.

Ma'aunai

Ma'auni na farko shi ne kuɗi, wato abin da ɗalibi zai kashe a mota da abinci da masauki idan an cire ɗan abin da za a riƙa ba shi. Alawus ɗin SIWES kaɗan ne, bai kamata a ɗora lissafi a kansa ba, kuma a Abuja nisan wurin aiki daga masauki ya fi komai cin aljihu. Wanda ke kwana a Mararaba ko Nyanya ya samu gurbi a Idu zai gane haka tun makon farko.

Na biyu shi ne dorewar abin da aka koya. Akwai ilimin da ke manne da samfurin inbata ɗaya, wanda zai tsufa ranar da kamfanin ya sauya manhajarsa, akwai kuma ilimin aune-aune da gano musabbabin matsala, wanda ke bin mutum har ƙarshen aikinsa. Na uku sauƙin samun gurbi. Na huɗu haɗari, kuma iri biyu ne: haɗarin jiki, da haɗarin a ƙare wata shida ba a koyi komai ba, wanda a ganina shi ya fi yawan cin ɗalibai. A ƙarƙashin duk waɗannan akwai tambaya guda da za a yi a kowane wuri: wane ne zai duba aikin ɗalibi kullum, kuma shi kansa ya san dalilin abin da yake yi?

Kamfanin girka sola da inbata

Wannan shi ne mafi yawa a Abuja, daga manyan kamfanoni masu ofis a Wuse 2 da Jabi har zuwa mai shago ɗaya a kasuwar Gudu da yaransa uku. Samun gurbi ba wuya, domin kullum suna bukatar hannu, kuma da yawansu suna ba da kuɗin mota ko wani abu bayan an gama aiki a gidan kwastoma. Ta fuskar kuɗi, nan ne ɗalibi ya fi yiwuwa ya tashi ba bashi.

Abin da ake koya shi ne lissafin lodi, zaɓen kaurin waya, jera faranti a kan rufi, saita inbata irin su Deye ko Growatt ko Victron, da haɗa su da batir ta layin sadarwa na CAN ko RS485 domin su fahimci juna. A nan ne ɗalibi zai ga da idonsa dalilin da ya sa kasuwa ke barin batirin ruwa. Batiran tubula huɗu masu 12V da 200Ah suna ɗauke da 9.6kWh a takarda, amma idan ana son su daɗe, kusan rabi kawai ake zuƙa, wato wajen 4.8kWh. Akwati ɗaya na litiyam mai 51.2V da 100Ah yana da 5.12kWh, ana iya amfani da mafi yawansa, ba a zuba masa ruwa, kuma yana jure caji da saukewa sau dubbai. Wanda ya iya yi wa magidanci wannan bayani cikin Hausa mai sauƙi ya riga ya samu sana'a.

Sai dai a nan batir rufaffen akwati ne. Idan ya lalace ana mayar wa dila saboda garanti, ba a yarda a kwance ko ƙusa ɗaya ba. Ɗalibi zai iya gama wata shida bai taɓa ganin BMS da idonsa ba, kuma bayan gida na goma aikin maimaici ne. Akwai kuma kamfanonin da ke mayar da ɗan IT ɗan dako, daga ɗaukar tsani sai jan waya. Haɗarin jiki ba ƙarami ba ne: rufin kwano a watan Maris, faɗowa daga sama, da layin faranti da aka jera wanda ke iya kai ɗaruruwan V muddin rana na sama, ko da an kashe inbata.

Wurin harhaɗa batirin litiyam da gyaran inbata

Ga wanda da gaske yake son aikin na'ura, wannan shi ne wurin da ya fi kusa da abin da injiniyoyin manyan kamfanonin duniya ke yi, duk da cewa sau da yawa ɗaki biyu ne a bayan wata filaza. Ana sayo ƙwayoyin litiyam nau'in LiFePO4, kowace 3.2V, a jera goma sha shida su ba da 51.2V. Kafin a jera su sai an auna ƙarfin kowace da juriyarta ta ciki, a ware waɗanda suka yi kusa da juna, a cika su duka zuwa 3.65V domin su tashi daidai, sannan a matse su, a ɗaure sandunan haɗi, a jona wayoyin BMS ɗaya bayan ɗaya bisa tsari. Kuskuren waya guda a wannan mataki na iya ƙone allon nan take.

Darasin da ya fi daraja yana zuwa ne ranar da kwastoma ya dawo da batir yana cewa yana ɗaukewa da ƙarfe biyun dare alhali allo na nuna saura kashi talatin cikin ɗari. Mai gaggawa zai ce inbata ce. Injiniyan kirki zai jona kwamfuta da BMS, ya ɗora lodi, ya zauna yana kallon lambobi goma sha shida suna sauka tare, har ya ga ɗaya ta rabu da 'yan uwanta ta gangara zuwa 2.5V, inda BMS ke yanke wuta domin kare ta. Daga nan sai a bincika ko ƙwayar ce ta gaji, ko kuwa notin da ke kanta ne bai ɗauru ba. Lissafin mai sauƙi ne: gidan da ke jan 5kW daga irin wannan batir yana jan kusan 100A, kuma mahaɗar da ke da juriyar miliom ɗaya tak za ta riƙa fitar da zafin 10W a wuri ɗaya, abin da ya isa ya sauya launin ƙarfen ya narka robar da ke kusa. Ɗalibin da ya bi wannan bincike daga farko zuwa ƙarshe ya fahimci dokar Ohm fiye da yadda jarrabawa ta taɓa koya masa.

Teburin gyaran inbata ma haka yake. A nan ake ganin MOSFET, wato ƙananan makunnan lantarki na cikin inbata, da suka fashe, a koyi cewa sauya su kawai ba ya wadatarwa idan ba a duba abin da ke tuƙa su ba, a kuma gane dalilin tartsatsin da ke tashi idan aka jona batir da inbata kai tsaye ba tare da an fara cika kafasitocinta a hankali ta hanyar resista ba. Irin wannan ilimi ba ya tsufa, domin ko samfuri ya sauya, wutar ba ta sauya hali.

Aibinsa kuma a fili yake. Kuɗi kaɗan ne ko babu. Wuraren kirki ba su da yawa a Abuja idan aka kwatanta da Legas, inda kamfanoni irin su Arnergy suke, kuma ba sa tallan gurbi, sai an bi ta hannun dila ko wani tsohon ɗalibi. Wasu ba su da rajista ko injiniyan da zai sa hannu ya buga hatimi a logbuk, don haka dole a tuntuɓi ofishin SIWES na makaranta kafin a fara, kada a gama a ce ba a amince da wurin ba. Mafi muni shi ne bambancin inganci. Akwai masu kwance tsofaffin batiran laftof su ciro ƙananan ƙwayoyin cikinsu da ake kira 18650, su haɗa ba gwaji, su sayar a matsayin sabo. Waɗannan ƙwayoyi sun fi LiFePO4 saurin kamawa da wuta, kuma idan ɗaya ta yi zafi fiye da kima tana hura na kusa da ita har wutar ta gagari kashewa. Wanda ya koyi aiki a irin wannan wuri mugun hali ya koya, kuma zai sha wuya kafin ya rabu da shi.

Gane bambancin ba ya bukatar dogon bincike, zuwa da kai ya fi aike. A duba ko akwai na'urar gwada ƙarfin ƙwaya, ko ana rubuta sakamakon kowane batir da lambarsa, ko sifanun da ake aiki da su a naɗe suke da roba, ko akwai abin kashe gobara da bokitin yashi a kusa, ko masu aiki suna cire zobe da agogo kafin su sunkuya kan batir. 48V ba kasafai yake jan mutum ba, amma sifana da ta faɗa tsakanin kai biyu na batir tana iya yin ja ta narke cikin ƙiftawar ido. Idan maigidan ya san abin da ƙa'idojin gwajin lafiyar batir irin su IEC 62619 ko UN 38.3 suke nufi, alama ce mai kyau, ko da ba shi da kayan yin duk gwaje-gwajen da ke cikinsu.

Hukumomi da cibiyoyin gwamnati

Abuja ta fi kowane gari yawan waɗannan. NASENI, hukumar bunƙasa kimiyya da injiniyanci da aka kafa a 1992, tana da hedikwata a Idu da masana'antar harhaɗa farantan sola a Karshi. Akwai Hukumar Makamashi ta Ƙasa, akwai REA mai kula da kai wuta karkara, akwai NEMSA mai duba ingancin aikin lantarki da ba masu girkawa shaida, akwai kuma NAPTIN mai horar da ma'aikatan wuta. Sunan kowacce yana da nauyi a takarda, makaranta ba za ta yi gardama a kansa ba, lokacin aiki a tsare yake, haɗarin jiki kuma kaɗan ne.

Amma a lura da aikin kowace. REA ba ta ƙera na'ura. Tsara shiri take yi, ta tantance kamfanoni, ta bi diddigin ayyuka, kamar shirin DARES na faɗaɗa wutar sola, na dala miliyan 750, da Bankin Duniya ya amince da shi a watan Disambar 2023. Ɗalibin da ya je can zai koyi karanta takardun fasaha da yadda ake auna aiki kafin a biya, abu mai amfani, sai dai ba da ƙarfen dalma a hannu ba. A kowace babbar hukuma, abin da ɗalibi zai samu ya dogara ne da sashen da aka tura shi, kuma masu nema sun fi guraben yawa, shi ya sa ake kai takarda watanni kafin lokaci. Wanda ya samu, shawarata ita ce ya shiga da aikinsa a hannu: ƙaramin allon auna ƙwayoyi huɗu da ya zana a KiCad, ya gwada a LTspice, ya tuƙa da ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura irin ESP32 ko STM32. Manhajojin KiCad da LTspice kyauta ne, kuma injiniyan da ya ga ɗalibi da irin wannan aiki ya fi saurin buɗe masa ɗakin gwaji fiye da wanda ya zo yana jiran a ba shi abin yi. Game da kuɗi, Karshi tana can bayan Jikwoyi da Kurudu da Orozo, don haka wanda ke zaune a Kubwa ko Lugbe ya yi lissafin mota da kyau.

Kamfanonin ƙananan tashoshin wuta

Waɗannan su ne masu gina tashar sola da batir su raba wa ƙauye ko kasuwa wuta. Husk Power ya fara aiki a ƙauyukan jihar Nasarawa a 2021, PowerGen yana da tasha a Toto, GVE kuma shi ya yi aikin kasuwar Wuse. Batirinsu ba na gida ɗaya ba ne, amma ƙa'idar iri ɗaya ce, girma ne kawai ya bambanta, kuma suna da abin da sauran ba su da shi, wato bayanan aiki na watanni da shekaru. Ɗalibi zai ga yadda zafin ɗaki ke rage kwanan batir, yadda lodi ke tashi bayan magariba, da lokacin da ya dace janareta ya karɓa. Galibi suna da injiniyoyi masu rajistar COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, da dokokin kariya a rubuce, kuma sun fi yiwuwa su biya alawus na wata-wata.

Samun gurbi ya fi wuya, domin suna tantancewa kamar masu ɗaukar ma'aikaci. Kayansu a shirye ake shigo da su, saboda haka zanen allo kaɗan ne a aikin. Haɗarinsu na hanya ne: tafiye-tafiye zuwa ƙauyuka, kwana a can, da batun tsaro, wanda ya sa ya kamata ɗalibi da iyayensa su tambayi inda za a riƙa tura shi tun kafin ya karɓa.

Game da ƙetare, inda ake tsara irin su Powerwall na Tesla, wanda ya fito a 2015, ko batiran sonnen na Jamus, can ne ake zana allo daga tushe, amma biza da kuɗin jirgi da sharaɗin zama ɗalibi a ƙasar suna sa ya fi dacewa da mai digiri na biyu. Aikin na'ura kuma ba ya yiwuwa sosai ta intanet, don haka a yi hattara da duk wanda ya nemi kuɗi da sunan samar da irin wannan gurbi.

| Wuri | Kuɗi | Dorewar ilimi | Sauƙin samu | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Girka sola da inbata | Ana samun na mota, wani lokaci fiye | Matsakaici, wani ɓangare na bin samfuri | Mai sauƙi | Rufi, wutar faranti, zama ɗan dako |
| Harhaɗa batir da gyara | Kaɗan ko babu | Mai ɗorewa idan wurin na kirki ne | Sai da bincike da sanayya | Gobara, tartsatsi, koyon aikin banza |
| Hukumar gwamnati | Kaɗan, mota na iya cinyewa | Ya danganta da sashe | Masu nema da yawa | Zaman banza |
| Ƙaramar tashar wuta | Ya fi tabbas | Mai ɗorewa a fannin tsari da bayanai | Mai wuya | Hanya da tsaro |

Wa ya dace da wanne

Ɗalibin da burinsa ya zama mai zana BMS ko inbata, ko ya yi digiri na biyu a fannin lantarkin na'urori, ya nemi wurin harhaɗawa da gyara, da sharaɗin ya je ya gani, ya tabbatar akwai injiniyan da zai sa masa hannu, ya kuma amince zai ci daga aljihunsa. Idan makaranta ta ƙi amincewa da wurin, yana iya yin IT ɗinsa a hukuma ya riƙa zuwa teburin gyara ranar Asabar, muddin bai rubuta a logbuk abin da bai yi a wurin da aka tura shi ba.

Wanda gida ke jiran ya fara kawo wani abu, ko yake da niyyar buɗe nasa shagon bayan hidimar ƙasa, kamfanin girkawa ya fi masa, domin a can zai san dilolin Gudu, ya san farashi, ya koyi magana da kwastoma. Ya zaɓi kamfanin da ke da sashen kula da korafi bayan girkawa, ya roƙi a riƙa tafiya da shi, saboda gidan da aka koma gyara ya fi sabon gida koyarwa.

Mai sha'awar aikin gwamnati ko ƙungiyoyin raya ƙasa, ko wanda ya fi ƙarfi a lissafi da rubutu fiye da aikin hannu, hukuma ko ofishin ƙaramar tashar wuta ne nasa. Ɗaliba mace da iyayenta ba za su yarda da hawa rufi ko kwana a ƙauye ba, ba dole ba ne ta koma ofis: teburin gwaji da gyaran allo aiki ne na zaune mai bukatar natsuwa da kaifin ido, kuma shi ne ya fi kowanne kusa da zane.

Ɗalibin da gidansu ke Jos ko Bukuru kuwa, wanda ba shi da wurin kwana kyauta a Abuja, ya auna da kyau kafin ya taho. Kuɗin masauki da mota na wata shida a Abuja zai iya saya masa mita mai kyau, ƙarfen dalma, ƙwayoyin LiFePO4 huɗu da ƙaramin BMS, ya haɗa batirin 12.8V da hannunsa yana IT a wani kamfanin girkawa na Jos ko a kamfanin NESCO, wanda ke samar da wuta daga ruwan Kurra tun zamanin haƙar kuza. Zuwa Abuja ya cancanci wahalarsa ne kawai idan ya riga ya san sunan sashen da zai shiga da mutumin da zai duba aikinsa.